Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Marubutan Gajerun Labarai Na Hausa: A Daina Sakin Lamba Ba Ma'auni

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Zuwa ga yayyena da ƙannena marubuta, maza da mata, musamman masu gajerun labarai, da shugabannin ƙungiyoyinku, da alƙalan gasa, da masu riƙe da zaurukan karatu na WhatsApp da Facebook. Ina gaishe ku da aiki, Allah Ya ƙara basira.

Ni ba marubuci ba ne, makaranci ne. Sana'ata aikin lab a asibiti, inda ake ɗibar jini da fitsari a auna a rubuta sakamako a miƙa wa likita. Daren da nake aikin kwana, idan layi ya yi sauƙi, labaranku ne abokan hirata. Saboda haka abin da zan faɗa ba na maƙiyi ba ne. Ƙorafina guda ɗaya ne: da zarar labarinku ya shiga asibiti, sai ku riƙa jefa lambobi ba tare da ma'auninsu ba, ko ku ɗauko ma'aunin wani gwaji ku liƙa wa wani, ku wuce abinku. Ku a wurinku ado ne. Mu kuwa mun san akwai masu karantawa su ɗauka ilimi ne.

Zancen ya taso ne a majalisarmu ta bayan isha'i. Wani abokinmu malamin Hausa a sakandare yana karanta mana labari daga wayarsa, labari mai daɗi kuwa, har ya zo inda likita ya cire tabarau ya dubi maigida ya ce, "Alhaji sai haƙuri, sugan Hajiya ya kai 25." Ni da abokinmu mai kemis muka haɗa baki: "Ashirin da biyar ɗin me?" Malam ya yi tsaki ya ce mu matsalarmu kenan, ba ma iya jin labari sai mun sa masa sirinji. Aka yi dariya, amma musun bai mutu ba, shi ya sa na ga gara in kawo muku shi.

Ga inda gizo ke saƙar. Ana auna sugan jini da ma'auni biyu a ƙasar nan. Wasu na'urori da wasu lab suna bayar da shi a milimol cikin kowace lita, wasu kuma a miligiram cikin kowace desilita, wato kashi ɗaya cikin goma na lita. Tsakanin su biyun akwai ninki 18. Mutum mai lafiya da ya kwana bai ci komai ba, suganshi yakan tsaya tsakanin 3.9 da 5.5 a ma'aunin farko, ko 70 zuwa 99 a na biyu. Idan aka auna shi a haka aka samu 7.0, wato 126 a ɗaya ma'aunin, aka sake aunawa aka tabbatar, to an shiga sahun masu ciwon suga. Yanzu mu koma kan Hajiya. In 25 ɗin nan milimol ne, daidai yake da 450 a ɗaya ma'aunin, suga ya yi tashin gwauron zabo, ana neman a ƙara mata ruwa a yi mata allurar insulin. In kuwa miligiram ne, suga ya faɗi ƙasa warwas, mai yiwuwa ma ta suma, kuma abin da zai cece ta shi ne a ɗura mata sugan nan take. Wanda ya yi wa wannan ta biyun allurar insulin ya ƙarasa ta. Lamba ɗaya, cuta biyu masu kishiyantar juna, magani biyu masu kishiyantar juna. Marubuciyar ba ta faɗa mana wacce Hajiyar muke wa jaje ba.

Kuma ku tuna masu karanta ku ba a Kano da Kaduna kaɗai suke ba. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da Yamai asibitocinsu tsarin Faransa suke bi. A can takardar suga takan fito da giram cikin lita, wanda mu za mu rubuta 126 su sai su rubuta 1,26, da waƙafi a inda muke sa ɗigo. Hawan jini ma haka: inda ma'aikaciyar jinya a Katsina za ta ce 120 bisa 80, takwararta a Maraɗi cewa za ta yi 12 bisa 8, domin mu milimita na zaiba muke ƙirgawa, su santimita. Duk wanda ya taɓa karɓar mara lafiya da ya tsallako iyaka da takardunsa ya san sai an zauna an juya lissafi kafin a ce komai.

Malam abokina ya kafe cewa labari labari ne, ba littafin koyon likitanci ba. Ya ce wa ya taɓa tambayar Gizo nauyin kayan da ya ɗauko? Na yarda da rabin maganarsa. Ba wanda ya taɓa fasa shan magani saboda tatsuniya. Amma labarin da aka kafa a asibitin gari irin namu, da likita da farin kaya da takardar sakamako, mai karatu ba ya ɗaukarsa tatsuniya. Da yawa daga cikin matan da ke karanta ku a ɗaka, abin da suka sani game da gwajin jini daga hirar maƙwabta suka samo shi, sai kuma daga gare ku. Ni nake ganinsu a tagar lab. Wata baiwar Allah ta karɓi takardarta ta ga 6.1, ta zauna kan benci ta rufe fuska da mayafi. Na leƙo na ce, "Baba lafiya?" Ta ce, "Ɗan nan, ai shi kenan. Na'urar da ɗana ya kawo min daga Saudiyya jiya 110 ta nuna, yau ga shi ya koma shida. Sugan jikina ya ƙare." Na ɗauki biro na ninka mata 6.1 sau 18 a bayan takardar, ya ba da kusan 110 ɗin nata. Ta daɗe tana kallon lissafin kafin ta ce, "To me ya sa ba ku faɗa ba?" Gaskiyarta. Wannan tambayar tana kanmu ma'aikata, kuma wani yanki nata yana kanku.

Abin ba baƙo ba ne a wurin Bahaushe. Ba matar da za ta aiki yaro kasuwa ta ce ya sayo shinkafa uku ta yi shiru. Uku me? Gwangwani, mudu, kwano ko buhu? Kuma ta san tiyar wani gari ba ta kai ta wani ba. Wannan tsantsenin da kuke da shi idan jarumarku ta shiga kasuwa, shi nake roƙo ku shiga da shi asibiti.

Inda abin ya fi yawa shi ne maganar jini. "Jininta ya koma 8," in ji likitan labari, sai kowa ya fashe da salati. A lab hanya biyu muke auna yawan jini. Akwai awon da kowa ya sani da PCV, wanda ke nuna kaso nawa cikin ɗari na jinin mutum ne jajayen ƙwayoyi. Akwai kuma awon himogulobin, sinadarin da ke ɗaukar iskar numfashi, shi kuma giram ne cikin desilita. A ƙiyasi, na farko yakan ninka na biyu sau uku. Mace mai himogulobin 8 tana da ƙarancin jini, amma da ƙafarta za ta zo ta koma, kuma masu sikila da yawa a kusa da wannan lambar suke rayuwarsu ta yau da kullum, suna zuwa makaranta suna zuwa aiki. Mai PCV 8 kuwa tana bakin kabari, tafin hannunta fari fat, numfashi sama-sama. Wacce kuke nufi? Idan ta farko ce salatin ya yi yawa, kuma kun tsorata duk wata mai sikila da ta karanta. Idan ta biyu ce, to ba za ta iya doguwar wasiyyar nan mai shafi biyu da kuka ɗora mata a baki ba.

Sai ƙarin jini. Na karanta inda aka ƙara wa yarinya jini lita biyar a dare ɗaya, alhali jinin jikin babban mutum gaba ɗayansa kusan lita biyar ɗin ne. Leda ɗaya ta jini kimanin mililita 450 ce, ba ta kai rabin lita ba, kuma takan ɗaga PCV ɗin babba da kamar maki uku kawai. Ba a ɗura ta kamar ruwan sanyi, takan ɗauki awa biyu zuwa huɗu tana ɗiga. Na kuma karanta inda saurayi ya nannaɗe hannun riga ya ce a ɗebi leda uku a jikinsa don masoyiyarsa, aka ɗiba, ya miƙe ya tuƙa mota ya tafi gida. Allah Ya saka wa soyayya, amma ba lab ɗin da zai yi haka. Leda ɗaya ake ɗiba, sai mai bayarwa ya kai kilo 50, sai an ga nasa jinin ya wadata, sai an tantance shi daga cuta mai karya garkuwar jiki da ciwon hanta nau'in B da C da tunjere, sannan a gwada jinin nasa da na mara lafiya a ga ko za su zauna lafiya. Bayan nan sai ya huta kamar wata uku kafin ya sake.

Abin da ke ba ni takaici, ba kuskuren ba ne kawai, asarar da kuke yi ce. Gaskiyar abin ta fi ƙagen naku tayar da hankali. Ku zo ku tsaya a bayana ƙarfe biyun dare. An kawo yaro ɗan shekara uku, maleriya ta cinye masa jini. Na huda yatsarsa, jinin da ya fito ja-ja ne mai ruwa-ruwa, ba ya da kauri. Na tsotse shi cikin siririn bututun gilashi, na toshe gindinsa da ɗan yumɓu, na kwantar da shi cikin injin juyawa. Minti biyar injin ke buƙata. A minti na biyu aka ɗauke wuta. Uban yana tsaye a taga riƙe da hularsa, yana jin ƙarar injin tana mutuwa a hankali, bai san me hakan ke nufi ba amma ya san ba alheri ba ne. Sai an nemo mai tayar da janareto. Da injin ya gama na ɗora bututun kan ma'auni, jan ya tsaya a PCV 11. Daga nan sai neman wanda jininsa zai dace, kuma 'yan'uwan da suka cika harabar asibiti da kuka, da aka ce a zo a gwada, sai aka fara tuna ana da azumin nafila gobe. Wane saurayi mai leda uku ne zai kai wannan? A gasa irin Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016, kalmomin da ake ba marubuci ƙidayayyu ne. Lamba ɗaya ta gaskiya a wurin da ya dace tana ɗauke muku nauyin sakin layi uku na "hankalin kowa ya tashi".

Maleriya da taifod ba sai na daɗe a kansu ba. Alamar tarawa da muke sawa a gwajin maleriya daga ɗaya take zuwa huɗu, gwargwadon yawan ƙwayoyin da aka gani a madubin gwaji. Ba maleriya mai fulos goma, sai a labari. Lambobin 80 da 160 na gwajin taifod kuwa ba yawan ƙwayoyin cuta ba ne, yawan sirkin da aka yi wa ruwan jinin ne, kuma gwajin shi kaɗai ba ya tabbatar da cutar. Zafin jiki 100 a ma'aunin Amurkawa zazzaɓi ne mai sauƙi, bai kai 38 ba a namu. A namu ma'aunin 100 tafasar ruwa ce.

Jinotayif ne nake so ku ƙara yi wa hattara, domin yanzu ya shiga maganar aure kai tsaye. Tun 2024 jihar Kano ta yi dokar gwajin lafiya kafin aure, kuma labaran da aka gina kan AS da AS sun yawaita, abin a yaba. Sai dai na ga ana cakuɗa shi da rukunin jini, a ce wance jinotayif ɗinta O ne. A da B da AB da O rukuni ne, shi ake dubawa wajen ƙarin jini. AA da AS da SS kuwa su ne maganar sikila. Na kuma ga inda tsohuwa ke lallashin ma'aurata cewa tunda ɗan fari ya zo da sikila, ukun da ke biye sun tsira, kuma labarin ya tafi a kan ta yi gaskiya. In tsohuwa ta faɗa a matsayinta na tsohuwa, ba laifi, haka mutane ke faɗa. Amma kada labarin ya gaskata ta. Kashi 25 cikin ɗari na yiwuwar haifar mai SS idan AS ya auri AS, kowane ciki da nasa ne, sabo fil. Ana iya haifar huɗu a jere duk SS, ana iya haifar shida ba ko ɗaya.

Da musu ya yi zafi a daren nan, abokinmu mai gyaran injina, wanda tun farko bai ce uffan ba sai shan shayinsa, ya ce mu bar ganin abin na asibiti ne kawai. Ya ba mu labarin jirgin saman Kanada na 1983, sabon Boeing 767 da ya taso daga Mantiriyal zai je Edmanton. Lokacin ƙasar na sauya ma'auni, jirgin da kilo yake lissafin mai, masu zuba mai suka yi lissafinsu da laba. Aka zuba abin da bai kai rabin buƙata ba, kowa ya sa hannu a takarda. Mai ya ƙare a sararin sama, injina biyu suka mutu, matuƙin ya lallaɓa jirgin ya sauke shi a wani tsohon filin jiragen soja a Gimli da aka mayar wurin tseren motoci, ba a rasa rai ko ɗaya ba. Malam ya ce to wannan ai gajeren labari ne da kansa. Muka ce abin da muke faɗa maka kenan tun ɗazu.

Amma ba sai mun je Kanada ba. A 2010 yara suka riƙa mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum a Zamfara, irin su Dareta da Abare da 'Yargalma, daga baya aka gano Bagega ma abin ya kai can. Sai yaro ya kama amai da jijjiga, a yi maganin maleriya a banza. Likitocin ƙungiyar agaji ta ƙasa da ƙasa, MSF, ne suka fara lura da yawan sabbin ƙananan kaburbura. Ashe gubar dalma ce. Duwatsun zinaren da ake kawowa cikin gida a daka a niƙa suna ɗauke da ita, ƙurar ta bi tsakar gida inda yara ke rarrafe suna kai hannu baki. Yara sama da 400 suka rasu. Dalma a jini da maikurogiram ake auna ta cikin desilita, kuma maikurogiram kashi ɗaya ne cikin dubu na miligiram, abin da ido ba zai taɓa gani ba. A wancan lokacin 10 ake ɗauka matakin damuwa, 45 kuma matakin fara maganin fitar da gubar. Ƙaramar na'urar da aka shiga da ita ƙauyukan iyakarta 65. Jinin yara da yawa da aka ɗiga mata ba ta iya ba da lamba ba, sai dai ta nuna alamar cewa abin ya wuce saninta. Da aka kai samfura manyan lab sai ga ɗaruruwa. Ku dubi wannan da idon marubuci: ma'aikaci a ƙarƙashin bishiya, uwa riƙe da ɗa, na'ura ta ƙi faɗin lamba, yaro na gaba ma haka, na bayansa ma haka. Wanda bai san bambancin maikurogiram da miligiram ba, bai san 10 da 45 da 65 ba, ba zai iya rubuta wannan wurin ba, zai ce ne kawai "gubar ta yi yawa" ya wuce. Ni dai ban daina jiran wanda zai rubuta shi da Hausa yadda ya kamata ba.

Akwai kuma inda nake roƙon ku cire lambar ɗungurungum. Idan kishiya za ta zuba wa kishiya wani abu, ko yarinyar da aka yi wa auren dole za ta haɗiyi ƙwayoyi, ba ma buƙatar sunan maganin da adadinsa. In kun yi kuskure kun yaɗa ƙarya, in kun yi daidai kun koyar da abin da ya fi ƙarya muni. Haka nan maganin yara. Cokalin da ake nufi a jikin kwalba mililita 5 ne, babban cokali 15, cokulan gidajenmu kuwa kowanne da girmansa. In jarumarku za ta ba jariri magani, ku sa ta ɗauko ɗan murfin awon da ya zo da kwalbar. Mai karatu za ta gani ta kwaikwaya ba tare da kun tsaya wa'azi ba.

Kada a fahimce ni cewa ina so kowane mutum a labari ya riƙa magana kamar takardar lab. A'a. Uwa "leda biyu" za ta ce, direba "jinina ya hau" zai ce, kaka za ta ce shawara ce, kuma haka ya kamata su faɗa. Likita da ma'aikaciyar jinya da mai lab su ne idan suka buɗe baki ya kamata lambarsu ta zo da ma'auninta, ko aƙalla ta zama lambar da za ta iya fitowa daga jikin ɗan Adam. Tazarar da ke tsakanin abin da likita ya faɗa da abin da uwa ta ji, nan ne ma labarin yake.

Buƙatata gare ku shugabanni ba mai tsada ba ce. Ƙungiyoyin marubuta, har da rassan ƙungiyar marubuta ta Najeriya, ANA, na jihohinmu, suna zaman karatu a kai a kai. A ware zama ɗaya a gayyato mai lab da ma'aikaciyar jinya da mai harhaɗa magunguna, a karanta musu wuraren asibiti daga labaran da ake kan rubutawa, su faɗi abin da zai yiwu da wanda ba zai yiwu ba. Alƙalan gasa kuma, labaran da suka kai zagayen ƙarshe, in akwai asibiti a ciki a ba wani ma'aikacin lafiya ya duba kafin a karanta su a rediyo, domin abin da ya fita a rediyo ba ya gyaruwa. Ke kuma marubuciya da ke rubutu a waya bayan yara sun yi barci, da wuya a ce a danginku ko unguwarku ba mai aikin asibiti. Tura masa sakin layin, ki tambaye shi lambar nan ta me ce, kuma mai irinta zai iya tashi ya yi magana? In ya ce a kawo tsohuwar takardar sakamako a gani, ki duba gefen dama na lambar, ma'aunin yana nan a rubuce da ƙananan haruffa, tare da iyakar da ake ɗauka lafiya.

Malam ya ce in gaya muku har yanzu yana kan bakansa, kuma zai rubuto nasa martanin. Ina maraba da shi, da na duk wanda ya ga na yi wa marubuta shisshigi.

Wassalam.

Naku,
Wani ma'aikacin lab mai karanta ku, daga Kano.